Jikanyar Bindigar Al Capone a Kasuwar Tulsa

A jihar Oklahoma ta ƙasar Amurka akwai wani birni mai suna Tulsa, wanda arzikin man fetur ya raya. Sau biyu a shekara, cikin watan Afrilu da watan Nuwamba, ana cin wata kasuwa a can wadda babu abin da ake kasawa a cikinta sai bindigogi da danginsu. Sunanta Wanenmacher's Tulsa Arms Show, masu ita kuwa suna bugun ƙirji cewa duk duniya babu kamarta girma. Da na gani da idona ban yi musu ba. Rumfa ce guda ɗaya tal, ƙarƙashin rufi ɗaya, mai faɗin eka 11, an jera tebura fiye da 4,000 a ciki. A bakin ƙofa ga wani mutum-mutumi na ma'aikacin haƙar mai, ruwan zinariya, tsayinsa ya haura mita 20, ya dafa hannu a kan hasumiyar rijiyar mai, jama'a na ta kwarara ta gabansa.

Mai masaukina, wani injiniya ɗan Kano da ya daɗe yana aiki a birnin, shi ya dage cewa in ban leƙa wannan kasuwa ba to ban ga Amurka ba. Maƙwabcinsa kuwa, wani dattijon Bature da ya yi ritaya daga aikin gyaran jiragen sama, shi ya yi mana jagora, don shi ɗan gida ne a wurin. Tun kafin ranar sai da suka sa na yanki lasisin farauta ta intanet, ni da ko ɓera ban taɓa bi da sanda ba. Dalili kuwa, dokar tarayya ta hana baƙon da ya shigo da biza irin tawa ya riƙe bindiga, amma ta yi togaciya ga wanda yake da lasisin farauta na wata jiha. Da 'yan daloli kaɗan na zama mafarauci a takarda.

A ƙofar shiga ana tare duk wanda ya zo da bindigarsa. A buɗe ta, a tabbatar babu harsashi, sannan a zura mata wata 'yar igiyar roba a ɗaure yadda ba za ta iya tashi ba. Daga nan sai mutum ya rataya abarsa ya shige. Wasu sun soka ɗan sanda a bakin bindigar, sun maƙala takarda mai ɗauke da farashi, suna yawo da ita a kafaɗa, wato su ma 'yan kasuwa ne na tafi-da-gidanka. Ga magidanta da matansu, ga jarirai a keken turawa, ga tsofaffi a keken guragu. Wanda ya fito daga inda ganin baƙo da bindiga a kafaɗa yake nufin a ranta a na kare, dole gabansa ya faɗi. Nawa ya faɗi, kuma ya jima bai dawo daidai ba. Su kuwa ko a jikinsu. Ana ta ciniki, ana taunar busasshen nama, ana gardama a kan takubban yaƙin basasar Amurka da wuƙaƙe da tsofaffin hulunan kwano na soja.

Can wajen tsakiyar rumfar dattijon ya ja ya tsaya a gaban wani tebur da aka shimfiɗa wa jan ƙyalle. A kai akwai wani baƙin akwati irin na ajiye gogen Turawa, a buɗe, amma abin da ke ciki ba goge ba ne. Bindiga ce a kwance, kowane sashe nata da gurbinsa. A gefe ga wata irinta an harhaɗa, an jingine. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin 'yan dabar Amurka na da, ko na Yaƙin Duniya na Biyu, ya san wannan sura ko da bai san sunanta ba. Ƙota ta katako mai duhu, an goge ta tana sheƙi. Mariƙi biyu, ɗaya a bayan kunama ɗaya a gaba ƙarƙashin hanci, kowanne an sassaƙa masa gurbin yatsu. Hancin an yi masa zobba-zobba a jere don ya riƙa huce zafi, a can bakinsa kuma an ɗaura wani ɗan ƙarfe mai tsaga-tsaga ta sama, wanda ke fitar da iskar harbi don kada bakin ya riƙa ɗagawa. Daga ƙasa ga gidan harsashi kewayayye, wanda suke kira ganga, mai cin harsashi 50. A jikin ƙarfen an zana hoton harsashi, an rubuta Thompson a cikinsa.

Na matsa kusa da mai masaukina na ce masa da Hausa, "Malam, wannan ba mashin-gan ba ce? A fili haka, kowa ya zo ya saya?"

Ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi hancinta da kyau. Ka taɓa ganin ta Al Capone da dogon hanci haka?"

Ashe sabuwa ce fil, ba ta daɗe da fitowa daga masana'anta ba. Kamfanin Auto-Ordnance ne ke ƙera ta, wanda kamfanin Kahr Arms ya saya a 1999, samfurin kuwa ana kiransa 1927A-1. In ban da tsawon hancin, ta ɗauko kamannin kakarta kaf, sai dai abu guda: ba ta aman wuta. In ka danna kunama, harsashi ɗaya ne zai fita, ko da za ka kwana riƙe da ita. Sai ka saki ka sake dannawa kafin na biyu ya biyo. Kakar kuwa, muddin yatsa na kan kunama, zubo su take yi, 600 zuwa 800 a minti guda, har gangar ta ƙare. Wannan ɓarin wuta shi ne dalilin da ya sa aka ƙirƙiro ta tun farko, shi ya yi mata suna, shi ya sa 'yan jarida suka yi mata laƙabi da tafiretar Shikago saboda ƙararta. An cire shi, amma mutane suna bin layi suna biyan dala 1,500 zuwa sama da 2,000 don su mallaki abin da ya rage. Wannan ne ya fi ɗaure min kai a duk abin da na gani a rumfar nan, kuma ba a gane shi sai an koma baya.

Wanda ta ci sunansa wani hafsan sojan Amurka ne, Janar John T. Thompson, haifaffen jihar Kentaki a 1860. Ya kafa kamfanin Auto-Ordnance a 1916, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da sojoji suka maƙale a ramuka a Faransa, kowane ɓangare ya kasa ture ɗaya. Burinsa a samu bindigar da mutum ɗaya zai iya ɗauka ya faɗa ramin abokan gaba ya share shi, har ma yana kiranta tsintsiyar rami. Injiniyoyinsa, Theodore Eickhoff da Oscar Payne, sun yi aikin, amma kafin samfuran farko su kai fagen fama sai aka tsagaita wuta a watan Nuwamba na 1918. Aka bar Janar da bindigar yaƙi, babu yaƙi.

Duk da haka ya ba kamfanin Colt kwangila, aka ƙera guda 15,000 tsakanin 1921 da 1922. Sojoji ba su yi ɗokinta ba, 'yan sanda ma kaɗan suka saya, sai da aka yi kusan shekara 20 kafin wannan kaya ya ƙare a sito. Tsada ce da ita: dala 200, a zamanin da sabuwar motar Ford ba ta wuce kamar dala 400 ba. Kamfanin ya shiga neman kasuwa ko ta halin ƙaƙa, har da talla mai hoton makiyayi a barandar gidan gonarsa yana feshe maharan da suka zo masa a kan dawakai. Babu wata dokar tarayya da ta hana kowa saye. Mai kuɗi zai iya shiga kanti ya ɗauka, ko ya aika a kawo masa ta gidan waya.

Masu kuɗin da suka fi kowa gane amfaninta kuwa su ne 'yan fasa-ƙwaurin giya. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta sayar da barasa, sana'ar ta koma hannun gungun 'yan daba, su kuma suka shiga kashe juna a kan iyakar kasuwa. Ranar 14 ga Fabrairu, 1929, a wani garejin mota a Shikago, wasu mutane, biyu daga cikinsu sanye da kayan 'yan sanda, suka jera mutum bakwai suna fuskantar bango suka buɗe musu wuta da Thompson guda biyu. Kowa ya nuna Al Capone, gawurtaccen shugaban 'yan dabar birnin, da yatsa, amma ba a taɓa hukunta kowa a kan kisan ba. Bindigogin nan biyu har yau suna nan a ajiye a hannun 'yan sandan wata gunduma a jihar Mishigan.

Dattijon namu ya ce ai ba sai an je Shikago ba, su ma Oklahoma suna da nasu. A watan Yuli na 1933 wani ɗan fashi, George Kelly, wanda ake wa laƙabi da Machine Gun Kelly, ya shiga gidan wani attajirin mai, Charles Urschel, a babban birnin jihar, ya same shi yana karta da baƙinsa, ya tasa ƙeyarsa da bakin Thompson. Sai da aka biya dala 200,000 kuɗin fansa kafin a sako shi. Amma attajirin, ko da yake idonsa a ɗaure yake, ya riƙa lura da lokacin da wani jirgin sama yake wucewa ta kan gidan da aka ɓoye shi kowace rana, da ranar da ruwan sama ya hana shi wucewa. Da wannan jami'an tsaro suka gano gonar a jihar Teksas. Kelly ya ƙare da ɗaurin rai da rai. Dattijon yana ba da labarin yana murmushi, kamar mai ba da tatsuniya. Ni kam ban iya yin murmushin ba, don labarin garkuwa da mutane da kuɗin fansa bai zama tatsuniya ba tukuna a inda na fito.

Irin waɗannan ta'asa ne suka haifi dokar 1934, zamanin Shugaba Roosevelt. Majalisa ba ta haramta bindiga mai aman wuta kai tsaye ba, sai ta bi ta hanyar haraji. Duk mai son ya mallake ta sai ya yi rajista da gwamnatin tarayya, ya ba da hotonsa da zanen yatsunsa, ya biya dala 200, wato daidai da kuɗin bindigar kanta. Dokar ta haɗa har da bindigogi masu ƙota da gajeren hanci, don ana iya ɓoye su cikin kwat. Bayan shekara 52, a 1986, zamanin Shugaba Reagan, aka rufe ƙofar rajistar: duk mashin-gan ɗin da aka ƙera bayan 19 ga Mayu na wannan shekara, farar hula ba zai mallake ta ba. Waɗanda suka riga suka shiga rajista su kaɗai za su ci gaba da yawo daga hannu zuwa hannu, a jihohin da suka yarda. Tun daga ranar adadinsu bai ƙaru da ko ɗaya ba, masu so kuwa kullum ƙaruwa suke yi. Ba sai an faɗa wa ɗan kasuwa abin da zai biyo baya ba. A wani teburin, cikin akwatin gilashi mai kwaɗo, an nuna min ta ainihi, ƙirar Colt ta 1921, launin ƙarfenta ya ɗan koɗe a inda hannuwa suka riƙa gogawa. Takardar farashin ta haura dala 30,000. Mai ita ko taɓa gilashin ba ya so a yi.

To wanda ba shi da dala 30,000 fa, ga shi kuma ransa na so? Shi aka yi wa jikanyar. Wani kamfanin sayar da kayan gyaran bindiga mai suna Numrich, a jihar Niyok, wanda ragowar kayan Auto-Ordnance suka faɗo hannunsa, shi ya fara fitar da wannan samfuri mai harbin ɗaiɗai a shekarun 1970. Kuma in ka dube ta da kyau, doka ce ta zana ta, ba injiniya ba. Hancin ta ainihi inci 10 da rabi ne. Doka ta ce bindiga mai ƙota kada hancinta ya gaza inci 16, sai aka ja na wannan ya kai 16 da rabi, shi ya sa take da wani tsayi da bai dace da jikinta ba. In kana son gajeren hancin, ko dai ka yi rajista ƙarƙashin dokar 1934, ko ka sayi wadda ba ta da ƙota sam, wadda doka ke lissafawa a matsayin ƙaramar bindigar hannu, ko da yake mutum ba zai iya ɗaga ta da hannu ɗaya ya saita ba. Kayan cikinta ma an sauya musu tsari da gangan, yadda na tsohuwar ba za su zauna a ciki ba. Mai teburin ya ce duk wanda ya yi karambanin taɓa cikinta don ta yi aman wuta, gidan yari na tarayya ke jiransa, har shekara 10. Ya faɗi haka ne da irin muryar wanda ya gaji da amsa tambayar.

Ba 'yan daba kaɗai suka yi mata suna ba, kuma yawancin masu sayenta ba Capone ne a ransu ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, bindigar da ta rasa mai saye ta zama abin rububi. An ƙera fiye da miliyan ɗaya da rabi, akasari a masana'antar Savage. Don a yi sauri kuma a rage kuɗi aka sauƙaƙa ta, aka cire zobban hanci da ƙarfen baki, aka daina amfani da ganga saboda nauyi da ƙarar da harsasai ke yi a ciki in soja na sanɗa, aka koma miƙaƙƙen gidan harsashi mai cin 20 ko 30. Farashin da gwamnati ke biya ya faɗo daga dala 209 a 1939 zuwa dala 45 a 1944. Akwai sanannen hoton Firayim Ministan Ingila, Winston Churchill, na 1940, da sigari a baki da Thompson mai ganga a hannu, wanda Jamusawa suka buga a takardun farfaganda suna cewa ga ɗan daba nan. Sojojin Ingila sun riƙe ta har a dazukan Boma, fagen da dubban mazan jiya daga Arewacin Nijeriya suka yi yaƙi a runduna ta 81 da ta 82. Shi kuwa Janar Thompson ya rasu a watan Yuni na 1940, bai ga wannan cika buri ba.

Samfurin sojan shi ma ana yin kwafinsa, kuma irinsa na ga wani magidanci yana saye. Ya zaro hoto daga aljihu, baƙi da fari, na wani saurayi cikin kakin soja rataye da irin bindigar, ya ce kakansa ne a Italiya. Ya cike takardar gwamnati mai lamba 4473, mai teburin ya shigar da bayanansa a kwamfuta, hukumar FBI ta duba ko yana da laifin da zai hana shi, kafin mu gama kallon teburin gaba amsa ta dawo, ya rungumi kwalinsa ya yi gaba. Wannan bincike wajibi ne ga dillali mai lasisi. Amma masu yawo da farashi a bakin bindiga, in mutum da mutum ne 'yan jiha ɗaya, kuma mai sayarwa ba sana'arsa ke nan ba, dokar tarayya ba ta tilasta shi ba, kuma a kan wannan giɓi Amurkawa suka daɗe suna cacar baki. Na kuma ga wasu samari cikin cikakken kakin sojan 1944, tun daga takalmi har hular kwano. Ƙungiyoyi ne da su, suna fita daji a ƙarshen mako suna kwaikwayon yaƙe-yaƙen da aka gama tun kafin a haifi iyayensu, da harsasai marasa kai.

Dattijon yana da tasa a gida, mai ganga, kuma ya rantse sai na ɗana. Muka tafi wani filin koyon harbi a bayan gari, aka ba mu abin toshe kunne da tabarau. Cika gangar kaɗai aiki ne. Ya buɗe murfinta, ya riƙa jera harsasai a tsaye, biyar-biyar a kowane gurbi, gajeru masu kauri, kowane kai ya kai giram 15. Ya rufe, ya kama wani makulli da ke tsakiya yana murɗawa yana ƙirga ƙaras-ƙaras ɗin da yake yi, don in bai kai ba ba za ta tura harsashi ba, in ya zarce kuma ya lalata ta. Kafin gangar ta shiga sai an ja ƙarfen ciki baya an tokare shi da wani ɗan ƙarfe da suke kira hannu na uku, sannan a zura ta daga gefe. Wannan ja da baya kuwa ba wasa ba ne. Wani ɗan ƙulli ne a saman bindigar, mai tsaga a tsakiya don ido ya samu hanyar saiti, kuma taurinsa ya isa. Na ja da yatsu biyu ya ƙi, na sa tafin hannu na danna da ƙarfi kafin ya tafi, ya bar min shaida ja a hannu. Dattijon ya ce kowa haka yake fama da ita, har akwai masu sa safar hannu saboda wannan kawai.

Da na ɗaga ta sai na ji kafaɗata ta amsa. Kusan kilo 6 ce ba harsashi, ga ganga cike ta ƙara nata. Ƙotar ta yi min tsawo, sai da na miƙa wuya kafin idona ya samu saiti. Na danna kunama ina jiran ta tokare ni, sai na ji ɗan turi kawai, don nauyinta ya shanye bugun. Ƙarar ma ba mai tsaga kunne ba ce, wani irin dum ne mai kauri. Ƙwanso ya yi tsalle ta dama ya faɗi yana ƙara a siminti. Na sake dannawa. Takardar da aka kafa a mita 25 ta fara hudowa, ramuka manya, kusa da juna, abin da ya sa dattijon ya buga min kafaɗa. Kafin in kai rabin ganga hannuna na hagu ya fara rawa, na miƙa masa abarsa. Shi ya ƙarasa, yana dannawa da sauri-sauri iya ƙarfin yatsarsa, amma duk saurinsa ana jin tazara tsakanin harbi da harbi. Tafiretar ba ta buga ba.

In a matsayin makami za a auna ta, babu mai hankalin da zai zaɓe ta. Bindigar zamani irin AR-15, wadda ta cika teburan kasuwar, nauyinta kusan rabin na wannan ne, ta fi ta nisan zango nesa ba kusa ba, kuma ana samunta a ƙasa da rabin kuɗin. Mai sayen Thompson ya san duk wannan. Labari yake saye, da katako da ƙarfen da zai riƙe labarin a hannu. Abin ya tuna min da 'yan bindigan sarki a hawan Sallah, masu ɗura albarushi ba harsashi, su cika gari da ƙara da hayaƙi don a tuna zamanin da bindigar ke yaƙi da gaske. Sai dai su sun riƙe ƙarar sun bar kisan, a nan kuwa ƙarar aka ɗauke, harsashin yana nan da ransa.

Na faɗa wa dattijon abin da ke raina, cewa na kasa raba sha'awar abin da tsoronsa. A 2021 kaɗai mutum fiye da 48,000 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. A nan Tulsa ma, a watan Yuni na 2022, wani mutum ya sayi bindiga irin AR-15 da rana, kafin yamma ya shiga wani asibiti ya kashe mutum huɗu, biyu daga ciki likitoci. Dattijon bai musa ba. Ya ce amma in nuna masa ɗan fashin da zai kashe dala 2,000 ya sayi abu mai kilo 6 wanda ba ya ɓoyuwa a riga, alhali yawancin kashe-kashen ƙasar da ƙananan bindigogin hannu ake yi. A kan wannan bindiga ɗaya, gaskiyarsa ce. Amma takarda ɗaya ake cikewa, ƙofa ɗaya ake fita da su duka, kuma wannan bai amsa shi ba.

Abin da ya fi tsaya min ma ba lissafin ba ne. Akwatin gogen nan ne. Kamfanin da kansa yake sayar da shi, don almarar da ke cewa 'yan daba a ciki suke ɓoye bindigar. Mutum bakwai da aka jera a bango a 1929 suna da uwaye da 'ya'ya, amma yau hoton Capone yana kan riguna da kofunan shayi a teburin da ke kusa, ana saye ana dariya. Shekara fiye da 90 da fina-finai sun wanke jinin, sun bar kwat da malafa. Na tambayi kaina ko wata rana jikokin jikokinmu za su sayi kwafin bindigar 'yan bindigar dajin Zamfara a cikin akwati mai ado, su rataye a falo. Tsigar jikina ta tashi, amma ban iya rantsewa cewa ba za a yi ba.

Da muka gama, dattijon ya durƙusa yana tsince ƙwansunan ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a gwangwani, don a gida yake sake ɗura su, harsashin irin wannan ba araha gare shi ba. Ya ce sau biyu ko uku a shekara yake fito da ita, sauran lokaci tana kulle a akwatin ƙarfe, kuma tuni jikokinsa biyu suka fara gardamar wanda zai gada. Ya zaɓi ƙwanso ɗaya mai sheƙi ya miƙo min, wai in kai gida tsaraba. Na karɓa na yi godiya, na jefa a aljihu.

Muna shiga mota mai masaukina ya miƙo tafin hannu. "Ranka ya daɗe, kawo shi nan."

Na ce ai fanko ne, ba komai a ciki.

Ya ce, "Ni na sani, kai ka sani. Sai ka yi wa na'urar filin jirgi bayani, sannan ka sake yi wa 'yan kwastan a Kano. Ni ba zan iya zuwa beli ba, ina da aiki ranar Litinin."